DA SABON GINI GARA YAƁE: GYARAN TSOHUWAR MOTA

   

Yau bisa tsohuwar mota za mu yi magana. Maganar ta shafi mai mota. Ta shafi direba da yaron mota. Ta shafi ƙungiyar manoma wadda ta haɗa kuɗi ta sayi mota don kai albasa ko wake kasuwa. Kai ma da ba ka da mota, maganar ta shafe ka, don ran da ka hau motar haya, ranka ya rataya ga birkinta da tayoyinta.

Ga yadda abin yakan faru. Mutum yana da mota, da ita yake ci da iyalinsa. Shekaru sun ja. Mota ta fara tari da safe, tana shan mai fiye da da. Fenti ya koɗe, kujeru sun yage. Sai abokai a tasha su fara zuga shi: "Sayar da akwalar nan, ka ciwo bashi ka sayo wata." Wani lokaci shawarar daidai ce. Sau da yawa kuwa ita ce mafarin wahala. An sayar da gona, an ci bashi, kuma motar da aka sayo ta zo da nata ciwo wanda ba a sani ba.

Hausawa sun ce da sabon gini gara yaɓe. Amma ba kowane bango ke karɓar yaɓe ba. Bangon da gindinsa ya ruɓe, rushe shi ake yi. Haka mota take. Za mu nuna maka yadda za ka gane motar da ta cancanci gyara, da inda za ka fara, da inda za ka tsaya.

1. ME YA SA MOTA TAKE DA TSADA?

Motocin da muke hawa, daga waje suke zuwa. Mafi yawansu an riga an yi aiki da su shekara da shekaru a Turai ko Amurka kafin su iso. Jirgin ruwa yana sauke su a gaɓar teku, a Lome ko Kotonu, sa'an nan a tuƙo su ko a ɗauko su bisa babbar mota. Kuɗin jirgi, da kuɗin hanya, da kuɗin duwan, da ribar dillali, duk bisa kan mai saye suke komawa. Ke nan abin da muke ce wa sabuwar mota, sau da yawa tsohuwar wani ce.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Kayan da ake sayowa daga waje suka yi tsada ƙwarai, har da motoci da kayan gyaransu. Yau kuɗin Turai, wato yuro ɗaya, kusan sefa 656 ne. A 2023 kuma aka rufe iyakar Nijar da Benin, kaya suka riƙa zagayowa daga Lome ta Burkina Faso. In hanya ta ƙara tsawo, kuɗin ɗaukar kaya ya ƙaru.

Dubi Peugeot 504, wadda ake ce wa Fijo. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna, kuma an ci gaba da harhaɗa 504 a can har bayan shekara ta 2000. Me ya sa ta daɗe haka a ƙasashenmu? Don injinta mai sauƙi ne, kayan gyaranta suna samuwa, makanikai kuma sun san ta ciki da waje. Wannan shi ne darasi na fari: motar da ake samun kayanta a garinku, ake kuma da wanda ya iya gyaranta, ta fi mota mai ƙyalli wadda sai an kai ta Yamai.

2. DUBA MOTARKA KAFIN KA KASHE KO DALA

Kada ka fara da sayen kaya. Fara da bincike. Wanke motar sarai, sama da ƙasa. Ka kai ta gareji wurin makanike wanda ka yarda da shi, wanda wasu ke ce wa mekanisiye. Ka tafi da takarda da alƙalami. Abu huɗu za ku duba.

Na ɗaya, shasi. Shasi shi ne ƙashin bayan mota. A hau da motar bisa rami, ku shiga ƙarƙashi da fitila. Ku duba tsatsa, da tsagewa, da wurin da aka taɓa yin walda. A ƙwanƙwasa ƙarfen da ƙaramar guduma. In ƙarfe yana ɓarɓashi, ko shasi ya karkace saboda haɗari, gindin bango ya ruɓe ke nan.

Na biyu, inji. A tada shi da safe tun yana da sanyi, ka tsaya a baya ka dubi hayaƙi. Hayaƙi yana ba da labari:

Shuɗin hayaƙi: inji yana ƙona baƙin mai. Mai yiwuwa zobban fistan, wato segema, sun cinye.

Baƙin hayaƙi: mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Sau da yawa matacin iska ne ya toshe, ko karbureta tana son gyara. Wannan ƙaramin aiki ne.

Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya yankewa ko inji ya yi zafi: ruwa yana shiga cikin inji. Sau da yawa shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa ce ta ƙone.

Ka zaro sandar awon mai ka duba. In man ya yi fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya gauraya da shi. Makanike na ƙwarai yana da agogon awon ƙarfin matsi na kowane fistan. Ka ce ya auna, ka rubuta lambobin. In sun yi kusa da juna, alama ce mai kyau. In ɗaya ya faɗi ƙasa da sauran sosai, a nan ciwon yake.

Na uku, akwatin giya da kuloci. Ku ɗan zaga gari. Giya tana shiga ba gardama? Tana fita da kanta? In ka taka totur inji ya yi ƙara amma mota ba ta ƙara gudu ba, kuloci ya cinye.

Na huɗu, takardu. Ka karanta lambar shasi da ke bisa ƙarfe, ka gwada ta da wadda ke cikin kart giriz, harafi da harafi. Kada ka zuba dukiya cikin motar da takardunta ke da rikici.

Ga hukunci. In shasi lafiya lau yake, takardu daidai, kayan gyara suna samuwa, motar ta cancanci gyara ko da inji ya gaji. In shasi ya karye ko ya ruɓe, kada ka gyara. Sayar da ita ga masu ɓalle kaya, ka faɗi gaskiyar halinta.

3. YI LISSAFI BISA TAKARDA

Yanzu ɗauki alƙalami. Lambobin nan misali ne don koyon lissafi. Kai ka sa naka, bayan ka tambayi kuɗin kaya a kasuwarku.

A ce in ka sayar da motarka za a ba ka jika 800. Motar da kake so, har duwan da takardu, jika 3000 ce, wato miliyan 3. Cikon da za ka nemo: 3000 a ɗebe 800, saura jika 2200.

A ce kuma makanike ya lissafa maka gyara haka:

Birki da taya huɗu: jika 200
Aikin inji: jika 350
Ƙafafu da amortisa: jika 120
Batir da wayoyin wuta: jika 80
Kujeru da fenti: jika 150
Jimla: jika 900

In an buɗe inji, akan tarar da abin da ba a zata ba. Saboda haka ka ƙara jika 20 bisa kowace jika 100. Bisa 900, ƙarin ya zama 180. Jimla ta koma jika 1080.

A ce motar tana bar maka jika 5 a yini bayan an fitar da kuɗin mai da na direba. Kuɗin gyara zai dawo cikin kwana 216 na aiki, wato wata 7 da ƴan kwanaki. Cikon sayen wata motar kuwa sai ka yi kwana 440 kana aiki, wato fiye da wata 14, ban da abin da mai bashi zai ɗora maka. Kuma ita ma waccan motar, da ta iso sai an canja mata mai, da taya, da batir.

Amma in lissafinka ya nuna kuɗin gyara ya kusa kai cikon sayen wata mota mai lafiya, to, gyara ba riba. Takarda ce za ta gaya maka, ba zugar tasha ba.

4. FARA DA ABIN DA KE TSARE RAI

Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne su fara da fenti. Fenti ba ya tsayar da mota in jaki ya faɗo hanya. Ga tsarin da ya kamata: birki da taya da sitiyari da fitilu tukuna, sa'an nan inji, sa'an nan wayoyin wuta, jiki da ado a ƙarshe. In kuɗinka bai isa duka ba, ka yi kashi-kashi bisa wannan tsari.

Birki. A kwance ƙafa huɗu a duba takalman birki. A duba bututun roba da ke kai man birki: in sun tsattsage ko sun kumbura, a canja. Man birki yana shan danshin iska a hankali. In ya sha ruwa da yawa, ran da birki ya yi zafi sai man ya tafasa, ka taka ka ji wayam. Saboda haka ake zubar da shi a sa sabo duk shekara 2. Irin man da motarka ke sha yana rubuce bisa murfin: DOT 3 ko DOT 4. Kada ka yarda a zuba baƙin mai ko ruwan sabulu a madadinsa.

Taya. Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta. Nemi kalmar DOT a gefenta, ka bi rubutun zuwa ƙarshe, za ka ga lamba huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi tayar cikin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana bushewa da shekaru ko ba a hau ta ba. Tayar da ta wuce shekara 5, a riƙa duba ta sosai. Wadda ta kai shekara 10, a yar, ko da zanenta yana da kyau. Cikin ramin zanen akwai ɗan tudu. In saman taya ya cinye har ya yi daidai da tudun nan, taya ta ƙare. In ka ga hoton dutse da ƙanƙara a gefen taya, ta lokacin sanyin Turai ce. Robarta mai taushi ce, bisa kwalta mai zafi ba ta daɗewa.

Ka auna iskar taya da safe kafin mota ta yi tafiya. Awon da ya dace yana rubuce jikin ƙofar direba ko cikin littafin motar. Tayar da iska ta yi mata kaɗan tana ɗaukar zafi, tana sa mota shan mai, tana iya fashewa bisa gudu.

Sitiyari da ƙafafu. A ɗaga gaban mota, a girgiza kowace taya. In tana lilo ko tana ƙwas-ƙwas, akwai abin da ya cinye. A canja shi. Ba a yi wa ƙarfen sitiyari walda. Ka danna kusurwar mota da ƙarfi ka saki. In ta yi ta rawa sama da ƙasa, amortisa ta mutu. Biyu-biyu ake canja su, dama da hagu.

Fitilu. Ka sa yaro ya tsaya a baya ka taka birki, ka kunna sigina. Ƙwan fitila ba shi da tsada, amma rashinsa da dare yana kashe mutane.

5. INJI YANA SON ABU HUƊU

Inji yana son mai mai tsabta, da iska mai tsabta, da ruwan sanyaya shi, da wuta mai ƙarfi. Sau da yawa injin da ake cewa ya mutu, ɗaya daga cikin huɗun nan ya rasa.

Baƙin mai. A ƙasa mai ƙura da zafi irin tamu, tsohon inji yana son juyen mai, wato bidanji, duk kilomita 5000. A canja matacin mai tare. Daga Maraɗi zuwa Damagaram kusan kilomita 240 ne, zuwa da dawowa kusan 480. Ke nan direban da ke wannan hanya, in ya yi sawu 10, lokacin bidanji ya yi. Bisa galan za ka ga lamba kamar 15W-40 ko 20W-50. Kaurin man ke nan. Ka sayi wanda littafin motarka ya ce, cikin galan mai hatimi.

Iska. Ƙurar hunturu in ta shiga inji, tana cin ƙarfe kamar yashi. Matacin iska shi ne mai gadi. Ka duba shi kowane mako lokacin ƙura. In ya huje ko ya toshe, sayi sabo. Kada a cire shi a bar inji haka.

Fetur ko gazuwal. In ka sayi na kwalba a bakin hanya, a tace shi da ƙyalle mai tsabta, don yakan zo da datti ko ruwa. Lokacin babban gyara, a sauke tanki a wanke, a sa sabon matacin mai.

Ruwa. Cikin watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Lokacin ne injuna ke ƙonewa. A wanke radiyata, a canja bututun roba da suka yi taushi, a duba fanka da famfon ruwa, a sa sabon murfi. Ruwan rijiya yana barin dasashi cikin radiyata kamar na cikin tsohuwar butar shayi, yana toshe hanyoyin ruwa. Ruwan radiyata na kanti ya fi, don yana hana tsatsa. Akwai wani ɗan ƙarfe cikin hanyar ruwa, sunansa kalosta. Aikinsa ya riƙe inji bisa zafin da ya dace, wajen digiri 80 zuwa 90. Makanikai da yawa sukan cire shi su yar. In an cire shi, inji yana daɗewa bai ɗumama ba, yana ƙara shan mai, yana saurin cinyewa. In ya lalace, sabo ake sawa.

Wuta. A canja buji, wato fulogi, duka gaba ɗaya. A duba wayoyinsu.

Sai bel ɗin cikin inji, mai haƙora. Wasu injuna sarƙa gare su, wasu bel. In bel ne, masu ƙera motoci sukan ce a canja shi tsakanin kilomita dubu 60 da dubu 100, gwargwadon irin motar. In ya tsinke mota tana tafiya, a injuna da yawa fistan yakan bugi bawul, aiki ya zama babba. In ba ka san ran da aka canja shi ba, canja shi yanzu.

In an yi duk wannan amma awon matsi ya nuna inji ya gaji, hanya biyu ce: a buɗe shi a sa sabbin zobba da sauran kaya, ko a sayo wani inji wanda aka taɓa aiki da shi. In za ka sayi inji, a tada shi gabanka, ka ga hayaƙinsa, ka ji ƙararsa, a kuma rubuta maka rasit mai lambar injin.

6. BATIR DA WAYOYIN WUTA

Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne, ɗaki shida gare shi. In ya cika, inji a kashe, agogon awo zai nuna wajen 12 da rabi. In inji yana aiki, zai nuna wajen 14. In bai kai haka ba, abin da ke cika batir ne ba shi da lafiya, ko bel ɗinsa ya saki. Kada ka yi saurin sayen sabon batir kafin a auna wannan. In batirinka mai murafu ne, tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙara masa. Ba a ƙara ruwan rijiya.

Tsofaffin wayoyi suna bushewa, rigarsu ta fashe, su haɗu, wuta ta tashi. A canja waɗanda suka bushe. Fis shi ne mai tsaron gida: in wuta ta yi yawa, shi ke ƙonewa don mota ta tsira. Kowane fis yana da lamba bisa kansa, kamar 10, ko 15, ko 20. In ya ƙone, a sa mai lamba ɗaya da shi. Wanda ya ɗaura waya ko takardar sigari a gurbin fis, ya kori mai gadi ke nan.

Motocin fetur da aka sayar a Turai daga 2001 suna da wata kafa ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike. In irin wannan ce motarka, kuma wata fitila ta kama a gaban direba, a jona na'urar tukuna. Ya fi a yi ta canja kaya bisa ƙiyasi.

7. ƘARIN DA KE DA AMFANI, DA WANDA KE DA HAƊARI

Kana iya ƙara wa tsohuwar mota abin da ba ta zo da shi ba, ko ka mayar mata da wanda ya ɓace. Ga masu amfani:

Bel ɗin kujera, ga direba da fasinja, a ɗaure shi da ƙarfen mota mai ƙwari.
Radiyata mai kauri, in motar tana yawan zafi.
Farantin ƙarfe ƙarƙashin inji, in hanyarka ta burji ce mai duwatsu.
Akwatin wutar zamani a gurbin tsofaffin bis platine, don mota ta riƙa tashi da sauƙi.
Wurin cajin waya, amma a sa masa fis.
Tukunyar kashe gobara, da alamar tsayawa mai kusurwa uku, da taya ta safaya mai iska.

Ga kuma masu haɗari. Ƙara ganyen sifirin don a labta kaya fiye da ƙima: sifirin ya ƙaru, amma birki yana nan yadda yake, kuma shi zai tsayar da nauyin. Tula kaya bisa rufi: mota tana saurin kifewa a kwana. Fitila mai kashe ido: in direban da ke tahowa bai gani ba, kai zai hau. Taya wadda ta fi awon motar girma: tana gugar jiki, tana wahalar da sitiyari.

8. JIKI DA KUJERU

In ciki ya samu lafiya, sai a koma waje. A kankare tsatsa har ƙarfe ya fito fari, a shafa maganin tsatsa, sa'an nan fenti. Fenti bisa tsatsa gyaran gangar Auzinawa ne, damina ɗaya zai kumbura. A toshe hujin daɓen mota, a gyara salansa. Hayaƙin inji yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da wari. In ta shiga cikin mota, tana sa ciwon kai da barci, tana iya kisa. A canja robar ƙofofi don ƙura. Kujeru kuwa, masu ɗinkin kujera na garinku za su sa musu sabon soso da sabuwar riga, kuɗin ya tsaya a gida.

9. KAYAN GYARA DA MAKANIKE

Kayan gyara iri uku ne a kasuwa: sabo na asali, sabo na kwaikwayo, da wanda aka ciro daga wata mota. Ƙofa, gilashi, kujera, fitila, kana iya sayen na hannu. Takalman birki, bel ɗin inji, matatai da ƙarafan sitiyari kuwa, sayi sabo mai kyau. Araha ba ta ado. Tafi kanti da tsohon abin a hannunka, ka karanta lambar da ke jikinsa, ka gwada da ta sabon.

Kafin makanike ya taɓa motar, ku zauna ku rubuta aikin da za a yi, da kuɗin kaya dabam, da kuɗin hannu dabam, da ranar gamawa. Kowa ya riƙe takarda ɗaya. Kada ka biya duka tun farko. Ka ce a ajiye maka tsofaffin kayan da aka cire. Wannan ba rashin yarda ba ne. Rubutu yana tsare zumunci. In ya gama aiki mai kyau, kai ma ka biya shi hakkinsa ba ja-in-ja.

10. TSARE KANKA WURIN AIKI

Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A tokare ta da ƙarfe ko gungume mai ƙwari, a sa waigi a tayoyi.
Kada ka buɗe murfin radiyata inji yana da zafi. Ruwan zai yi tsalle ya ƙone ka.
In za ka cire batir, fara da wayar da ke da alamar ɗebewa.
Kada a sha taba kusa da fetur ko batir.
Tsohon baƙin mai guba ne. Kada a zuba shi kusa da rijiya ko cikin gona, kada a shafa wa dabba ko mutum.
Cikin batir akwai ruwa mai cin fata, akwai dalma mai guba. Kada yara su yi wasa da shi.

11. LITTAFIN MOTA

Ga inda karatunka zai biya ka. Sayi ƙaramin littafi ka ajiye cikin mota. Ja layi huɗu bisa kowane shafi: rana, kilomita, aikin da aka yi, kuɗi. Duk ran da ka sha mai, rubuta lita da kilomita. In motar ta saba shan lita 10 a kilomita 100, sai ka ga ta koma shan 13, ta gaya maka ba ta da lafiya tun ba ta kwanta ba. Rubuta ranar da asirans da bizit za su ƙare. Kowace rana ka ware wani abu daga cinikin mota don gyara, ka rubuta shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ran da za ka sayar da motar ma, littafin nan shaida ne, zai ƙara mata daraja.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Wane abu ne in ya lalace ba a gyara mota?
2. An rubuta 4021 bisa taya. Wane mako, wace shekara aka yi ta?
3. Direba yana yin kilomita 250 a yini. Bayan kwana nawa zai yi bidanji?
4. Me ya sa fenti yake zuwa a ƙarshe?

Ku tattauna tsakaninku, kowa ya rubuta amsarsa da hannunsa. In akwai direba ko makanike a garinku, ku gayyace shi ya nuna muku lambar taya da sandar awon mai da idonku.

A nan za mu dakata. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka cikin sana'a. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.